ZUCIYA KAN FAƊI KO DA HANYOYIN JININTA A BUƊE SUKE

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ciwon zuciya rabon masu ƙiba ne da manyan birni, waɗanda kitse ya toshe wa jijiya. Binciken likitoci ya nuna zuciya tana iya raunana, har ta kai mutum kushewa, alhali babu abin da ya tare mata hanya. Ƙasar Hausa kuwa tana cikin wuraren da wani nau'in wannan ciwo ya fi yawa a duniya.

A Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Runji, kamar a Agye da Gazawa da sauran garuruwan jihar Maraɗi, idan mace ta sauka lafiya gida ya kan cika da murna. A hura wuta, a ɗora tukunyar wanka, a dama kunun kanwa, ran bakwai a yanka rago a raɗa suna. Amma akwai gidan da murnar ba ta kai arba'in. Mako biyu ko uku bayan suna sai a ga mai jego tana haki in ta ɗauko ruwa daga randa zuwa ɗaki. Ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango. Tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Kafin a yanke shawarar neman amalanke ko mota zuwa gidan likita, sau da yawa lokaci ya ƙure.

Ko kuwa a ɗauki ɗan kasuwar da ke tsakiyar ciniki, ya ji kamar an aza masa buhun gero a ƙirji, zufa ta keto masa, hannun hagu ya yi nauyi. Da yake yana da hali, aka kai shi babban asibiti, aka auna jini aka ce zuciya ta taɓu, aka ɗauki hoton jijiyoyinta aka ce a buɗe suke. Shi ke nan sai ya dawo gida yana gaya wa abokai cewa likitoci ba su ga kome ba. Daga nan zance ya koma kan sammu da jifa da abokin gaba a kasuwa, takardar magani kuwa ta shige ƙarƙashin katifa.

Wannan mai jego da wannan alhaji ciwonsu ba ɗaya ba ne, amma kuskuren da ke kashe su ɗaya ne: zaton cewa in ba a ga toshewa ba, to, zuciya lafiya take.

Yadda zuciya ke samun abincinta

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba sosai. Tana bugawa wajen sau 100.000 a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti, wato wajen lita 7.000 tsakanin yau da gobe, abin da zai cika tano 35. Wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a fadamar Jiratawa ya san injin ba ya rayuwa da ruwan da yake turawa, yana da ɗan tiyon mai nasa na dabam. Haka zuciya take. Jinin da ke ratsa cikinta na jiki ne. Ita kanta tana ci ne ta wasu jijiyoyi biyu da suka fito daga gindin babbar jijiya suka yi rassa suka lulluɓe ta. Faɗin kowace bai fi milimita 3 zuwa 4 ba.

Idan jini ya yanke wa wani yanki na wannan tsoka fiye da minti 20 ko 30, yankin ya kan fara mutuwa. Wannan shi ne abin da ake kira bugun zuciya. Tsokar da ta mutu tana zubar da wani sinadari cikin jini mai suna turoponin, kuma da shi ne likita ke gane cewa ɓarna ta auku, tare da takardar nan mai zane-zane da ake kira ECG.

A shekarar 1980 wani likita mai suna Marcus DeWood da abokan aikinsa a garin Spokane na Amurka suka ɗauki hoton jijiyoyin mutanen da bugun zuciya mai tsanani ya kama. Cikin waɗanda aka duba kafin awa 4 ta cika, kashi 87 cikin 100 an tarar gudan jini ya toshe musu jijiya ɗungurungum. Wannan bincike ya canja aikin likita a duniya, domin daga nan aka duƙufa wajen narkar da gudan jini da buɗe jijiya. Amma ya bar tambaya: sauran fa, waɗanda aka tarar hanyarsu ba a rufe take ba?

Bugun da babu toshewa

An daɗe ana sallamar irin waɗannan marasa lafiya da kalmar ban-haƙuri, a ce musu tsoro ne ko gajiya. Sai a 2013 Farfesa John Beltrame na birnin Adelaide a Ostareliya ya ba lamarin suna, MINOCA, wato bugun zuciya ga mutumin da hoton jijiyoyinsa bai nuna ƙuncin da ya kai rabin faɗin jijiya ba. A 2015 shi da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, suka tarar kimanin mutum 6 cikin kowane 100 da bugun zuciya ya kama suna cikin wannan rukuni. Sun fi sauran ƙuruciya, mata sun fi yawa a cikinsu in an kwatanta da masu toshewa, kuma kusan 5 cikin 100 sun rasu kafin shekara ta zagayo.

Daga ƙasar Suwidin aka sami ƙarin haske a 2017. An bi sawun mutum sama da 9.000 masu irin wannan bugu har wajen shekara 4. Kusan ɗaya cikin huɗu ya sake gamuwa da babbar matsala: ko mutuwa, ko wani bugun, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya. Waɗanda suka riƙe maganin rage kitsen jini da wani rukunin maganin hawan jini sun fi sauran tsira. Ke nan wanda aka ce wa jijiyarsa a buɗe take bai sami takardar sallama daga ciwo ba. An dai ce masa a ci gaba da neman dalili.

Ta ina ɓarnar ke shigowa?

Hanyoyin suna da yawa. Ta farko ita ce murɗewar jijiya. Jijiyar zuciya tana da tsoka a bangonta, kuma ta kan matse kanta farat ɗaya kamar yadda ƙafa ke ɗaurewa cikin dare, jini ya tsaya, bayan wani lokaci ta saki. Kafin a kai mutum ɗakin hoto ta koma yadda take. Likita Myron Prinzmetal na Amurka ya bayyana wannan tun 1959. Ya fi zuwa mutum yana hutawa, cikin dare ko da asuba, kuma taba sigari ita ce babbar mai tada shi, sai hodar iblis da ƙwayoyin hana barci irin waɗanda wasu direbobin dogon zango ke haɗiya.

Ta biyu ita ce ɗan ƙurjin kitse da ke kwance a bangon jijiya, wanda bai kai ya tare hanya ba. Wata rana sai ya fashe, jini ya daskare a kansa, ya rufe hanya na ɗan lokaci, sannan jiki ya narkar da shi. Ɓarna ta riga ta auku, amma ɓarawon ya fice.

Ta uku ita ce tsagewar bangon jijiya, jini ya kutsa tsakanin fatunta ya matse hanyar daga waje. Wannan ya fi samun mata masu ƙananan shekaru, kuma shi ne kan gaba wajen haddasa bugun zuciya ga masu ciki da masu jego, musamman a makonnin farko bayan haihuwa.

Ta huɗu ita ce gudan jinin da ya taso daga wani wuri, misali daga cikin zuciyar da ƙofofinta suka lalace sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun yarinta, ya faɗa jijiya ya maƙale a can ƙarshen reshe. Ta biyar kuwa ciwon ƙananan jijiyoyi ne, sirara kamar gashi, waɗanda hoto ba ya iya nunawa.

Ban da waɗannan, zuciya kan ji rauni idan jinin da ke isowa gare ta ya tsinke ƙwarai, kamar bayan zubar jini wajen haihuwa ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Tiyo a buɗe yake, man ne ya yi ƙaranci.

Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu, su zo da kamannin bugun zuciya alhali ba shi ba ne. Ɗaya shi ne kumburin tsokar zuciya bayan wata mura ko zazzaɓi. Ɗayan kuma likitocin birnin Hiroshima na Japan ne suka bayyana shi a 1990, suka kira shi takotsubo, sunan wata tukunya mai ƙuntataccen wuya da masuntansu ke kamun dorinar ruwa da ita, domin haka zuciyar ke komawa a hoto. Ya kan biyo bayan mummunan labari: rasuwa, gobara, karayar arziki. Wajen 9 cikin 10 na masu kamuwa da shi mata ne, akasari waɗanda suka daina al'ada. Mafi yawansu zuciyar na farfaɗowa cikin makonni, amma a kwanakin farko yana iya kisa. Ashe da Bahaushe ya ce baƙin ciki ya kashe wance, ba koyaushe ne ya yi ƙari ba.

Daga Zariya zuwa Yamai

A ƙasarmu, fuskar wannan al'amari da aka fi sani ita ce ta mai jego. Likitoci suna kiran ciwon gazawar zuciya ta haihuwa: tsokar zuciya ta yi laushi, ta buɗe kamar tsohuwar salka, ta kasa tura jini, daga watan ƙarshe na ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, ga macen da ba ta taɓa ciwon zuciya ba kuma jijiyoyinta ba su toshe ba.

A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne aka fara auna girman abin. Likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa a Zariya ciwon na kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, sun lura ya fi yawa ga Hausawa, kuma ya fi tsananta lokacin zafi da damina. Suka ɗora zargi kan al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun da aka cika wa kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa, a Zariyar dai, suka duba irin waɗannan mata da ekografi, suka ga da yawansu tsokar zuciyar na matsawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi mata yawa.

A Yamai kuma Farfesa Arnaud Cénac da Dokta Ali Djibo da abokan aikinsu suka bi wata hanyar. A 1992 suka auna jinin mata 35 masu wannan ciwo suka kwatanta da na masu shayarwa masu lafiya, suka tarar marasa lafiyar na da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom, wanda jiki ke samu daga hatsi da nama da kifi da ƙwai, kuma yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar da aka shuka shi. An riga an san illar rashinsa daga gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda tun 1935 wani ciwon zuciya ya yi ta kashe yara da mata masu haihuwa, har aka gane maganinsa ƙarin seleniyom ne.

A Sakkwato, binciken da Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya sami ciwon a haihuwa ɗaya cikin 102. Don a gane nauyin wannan adadi, a Amurka ana lissafin ɗaya cikin 1.000 zuwa 4.000, a Japan kuwa ɗaya cikin wajen 20.000.

Kanwa ce ko talauci?

Aiki mafi faɗi shi ne wanda Farfesa Kamilu Musa Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, aka buga a 2020. An tattara mata 406 daga asibitoci 22 na Najeriya. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suka fito, wato Kano da Katsina da Sakkwato da maƙwabtansu, inda aka sami ciwon a haihuwa ɗaya cikin 96. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, da aka kwatanta su da masu jego masu lafiya, ba a ga wankan zafi da kunun kanwa sun bambanta su ba, domin kusan kowa na yi. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin ciki. Cikin waɗanda aka bi sawunsu fiye da shekara guda, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɗan gwaji da aka yi kan mata 100 ya nuna ƙarin seleniyom na rage wahalar ciwon, ko da yake gwajin ƙarami ne, bai isa a ce an sami magani ba.

To, ina gaskiya take? Binciken Kano ya sauke wa kanwa laifin zama tushen ciwon, amma bai mai da ita magani ba. Duk likitan zuciya zai gaya maka cewa wadda zuciyarta ta riga ta raunana, gishiri da kanwa da zafin wuta ƙarin kaya ne a kan jakin da ya durƙusa. Ga mai lafiya kunu abinci ne. Ga mai haki da kumburi, kanwar cikinsa na iya zama ajali.

Tsakanin Maraɗi da Katsina iyaka ce kawai ta takarda. Gero ɗaya muke ci, jego ɗaya muke yi, aure da wuri da haihuwa kusa da kusa duk ɗaya ne. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsakaici, ta 2021 kuma 6,2. Kowane ciki sabon nauyi ne a kan zuciya, kuma macen da ta taɓa wannan ciwo, in ta sake ɗaukar ciki kafin zuciyarta ta warke, ranta na cikin haɗari ƙwarai.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, a san alamu. Ga namiji ko mace: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, mai hawa wuya ko muƙamuƙi ko sauka hannu, da zufa mai sanyi, da tashin zuciya. Mata da masu ciwon sukari sau da yawa ba sa jin zafin sosai, sai gajiya da ƙarancin numfashi. Wannan ba lokacin jiƙe-jiƙe ko jiran a tashi daga kasuwa ba ne, kuma mai ciwon kada ya tuƙa kansa. Ga mai jego: haki, kasa kwanciya a miƙe, tarin dare, kumburin ƙafa da ciki, bugun zuciya da sauri. Ranar da aka ga haka a dakatar da kanwa da gishiri da gashin wuta, a kai ta gidan likita mafi kusa, in an tura ta asibitin gunduma ko Maraɗi a tafi ba tare da jinkiri ba. Akwai magungunan fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya, ba masu tsadar gaske ba ne, kuma wadda aka kama ciwonta da wuri ta fi samun sa'a.

Na biyu, wanda aka ce wa jijiyoyinsa a buɗe suke ya tambayi likita: to, mene ne ya taɓa zuciyar? Ekografi, da hoton IRM inda ya samu, su ne ke rarrabe bugun gaske da kumburin tsoka da takotsubo, kuma maganin kowane dabam ne. Mai murɗewar jijiya akwai maganin da ke sassauta ta, akwai kuma wanda ke iya ƙara matse ta. Saboda haka aron takardar maganin aboki, ko sayen ƙwaya a tiren mai talla, ganganci ne.

Na uku, a riƙa awon hawan jini, wanda muke kira tansiyo. Minti biyu ne, kuma ba ya jiran sai an ji ciwon kai. Ma'aikacin da ke wuni a kujera da ɗan kasuwar da ke wuni a rumfa, ga shayi mai sukari, ga sigari, ga miya mai dunƙulen magi, su ne suka fi buƙatarsa. Mai ciki kuma awon ciki shi ne inda ake gano hawan jinin da ke share wa ciwon zuciya hanya.

Na huɗu ya shafi maigida. A yawancin gidajenmu mace ba ta fita sai da izninsa, kuɗin mota da na magani daga aljihunsa suke fitowa, kuma maganarsa ce kaɗai ke iya tsai da kakar da ta rantse sai an cika wankan arba'in. Wanda ya iya sayen ragon suna da turamen zane ya iya sayen nama da ƙwai da wake tun ciki na wata uku, ya iya kuma zama da matarsa gaban ungozoma a yi maganar hutu tsakanin haihuwa.

Na biyar ya shafi hukuma. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Amma ciwon da muke magana a kansa ya kan zo ne bayan an watse daga suna, lokacin da idon kowa ya koma kan jariri. Ya kamata duk ranar da uwa ta kawo ɗanta rigakafi a auna nata jinin, a dubi ƙafarta, a tambaye ta yadda take kwana. Wannan ba ya buƙatar na'ura daga Turai. Ya kamata kuma asibitocin gundumomi irin na Gidan Runji da Agye su kasance da na'urar ECG da ta ekografi masu aiki, da ma'aikacin da ya iya karanta su, domin kada kowace mai haki ta zama sai an kai ta birni kafin a san abin da ke damunta.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Shekara fiye da 40 ke nan da likitocin Zariya suka ƙirga matan nan 224, kuma har yau a ƙauyukanmu ana kiran ciwon da sunan sanyi. Mai karatu da ke da mai jego a gida, ko ƙanwa, ko ɗiya da ta tafi wankan gida, ya leƙa ta yau da dare ya ga ko a kwance take barci ko a zaune.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya abin da aka haifa a gaban iyayensu, amin.